2010: shekarar da ekip ɗin soji ta fitar da manyan Afirka



Kwanan nan a wata fada, ana jiran shayi na biyu, munka jefa wa samari tambaya: wa ya ci kofin zakarun Turai a 2010? Ba mu rufe baki ba amsa ta fito. Inter Milan, biyu da nema a kan Bayern, Milito ya zuba duka biyun, Mourinho ne antarenar. Har da waɗanda lokacin ba su shiga lakwal ba. Sai munka ƙara ta biyu: a wannan shekarar dai, wace ekip ce ta Nijar ta fara shiga zagayen rukuni na wata gasar kulob ta Afirka? Anka yi tsit. Wani ya ce Sahel, wani ya ce Olympic. Amsar ita ce AS FAN, ekip ɗin sojin ƙasa, kuma labarin nata ya cancanci a sake faɗar shi tun daga farko.

Gasar ita ce Kofin Confédération na hukumar CAF. A 2004 anka kafa ta, bayan an haɗe tsoffin gasanni biyu, wato kofin masu cin kofin ƙasa da kofin CAF, kuma Hearts of Oak ta Gana ce ta fara ɗaukar ta. Ita ce ƙanwar gasar zakarun Afirka. AS FAN ta samu tikitin shiga ne saboda ta ci kofin ƙasa na 2009. Gaskiya babu wanda ya sa rai. Mun saba: ekip ɗinmu su buga zagaye ɗaya ko biyu, a fitar da su, a dawo gida a ce badi ma rana ce.

Sai mu tuna wace irin shekara ce. Damanar 2009 ba ta yi kyau ba, rumbuna da yawa a Adar sun ƙare tun rani bai yi nisa ba. Ƙididdigar hukuma ta ce sama da mutum miliyan 7 ne ke cikin matsalar abinci, kusan rabin ƴan ƙasa ke nan. Dabbobi sun faɗi, samari sun fita Najeriya da Libiya da Kodebuwa tun kafin lokacin da sunka saba. Ga kuma rikicin tazarce. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 soji ƙarƙashin Salou Djibo sunka kifar da gwamnatin Tandja Mamadou. A cikin wannan watan na Fabrairu ne gasar ta soma. Shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, Kanal Djibrilla Hima Hamidou da kowa ya sani da Pelé, shi ma yana cikin majalisar sojin da ta karɓi mulki. Ga soji a fadar shugaban ƙasa, ga soji a hukumar tamola, ga ekip ɗin soji a fili. Duk mai ba da tarihin wanga lokaci, in ya tsallake wannan, bai faɗi gaskiya duka ba.

Zagayen share fage, AS FAN ta haɗu da Issia Wazi ta Kodebuwa, ta wuce. Ba a yi wani surutu ba.

Zagaye na gaba ne ya sa mutane sunka gyara zama. Étoile du Sahel ta garin Sousse, a Tunusiya. Masu saurare, ku auna abin da kyau: wannan ekip ita ta ci wannan kofin na Confédération a 2006, a 2007 kuma ta je har Alƙahira ta doke Al Ahly ta ɗauki kofin zakarun Afirka. Shekara ukku ke nan kacal kafin ta haɗu da namu. Tana da makarantar horar da yara, tana da likitoci, tana sayar da ƴan wasa a Turai da kuɗin da babu kulob ɗinmu da ya taɓa ganin irinsu. Maci biyu anka yi, gida da waje, kuma da anka haɗa lissafi Étoile ce ta fita. Mu da muke jin sakamako ta rediyo, wasunmu sai da sunka jira labaran dare sunka sake ji kafin su yarda.

Bayan ta sai Daring Club Motema Pembe ta Kinshasa, wadda ta taɓa cin kofin masu cin kofin ƙasa a 1994. Ita ma ta fita.

Daga nan anka dakata, duniya ta koma kallon kofin duniya a Afirka ta Kudu. Kowa na maganar Gana da hannun Suárez da fenaritin Asamoah Gyan. Da anka dawo cikin watan Yuli, saura mataki guda, kuma shi ya fi wuya. Dokar gasar a lokacin ita ce: ekip takwas da sunka rage sai su haɗu da wasu takwas da anka fitar daga gasar zakaru, waɗanda sunka tsira su ne za su shiga rukuni. AS FAN ta faɗa kan Al Merreikh ta Omdurman, a Sudan, ekip ɗin da ta ci kofin Afirka a 1989 bayan ta doke Bendel United ta Najeriya. Duk wanda ya san yadda ƴan kallon Sudan ke cika fili ya san ba wurin zuwa yawo ba ne. Namu sunka wuce. Kodebuwa, Tunusiya, Kwango, Sudan: zagaye huɗu, kuma ukku daga cikin waɗanda anka fitar sun taɓa ɗaga kofin nahiya.

A rukuni kuwa labari ya canza, kuma ba za mu shafa masa mai ba. AS FAN ta samu kanta tare da Al Hilal ta Sudan, Al Ittihad ta Turabulus da Djoliba ta Bamako. Maci shidda tsakanin Agusta da Oktoba, ga damana, ga azumi ya faɗo cikin makonnin farko. Ta ƙare ita ce ta ƙarshe. A ganinmu dalilin a fili yake. Zagayen fitar da juna yana son ƙarfin zuciya na kwana biyu: ka tsare gidanka a Yamai cikin zafin da baƙo bai saba da shi ba, ka je waje ka daure minti 90. Rukuni kuma yana son benci mai zurfi, da kuɗin jirgi kowane sati biyu, da wanda zai maye gurbin wanda ya ji ciwo ko ya sha kati. Nan ne talaucin ƙwallonmu ya fito. Abu ɗaya dai da ke faranta rai: lokacin Gaddafi na nan, Adarawa sun cika Libiya da aikin gini da lambu, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan cin rani ya ji an ambaci sunan ƙasarsa a maganar tamola a garin da ake kallonsa lebura kawai.

Kofin ya tafi Maroko. FUS Rabat ta yi kunnen doki ba ci a gida da CS Sfaxien, sannan ta je Sfax ta ci ukku da biyu cikin watan Disamba. A cikin ekip ɗin FUS akwai ɗan Nijar, Alhassane Issoufou da ake kira Danté. Ke nan ɗan ƙasa ya taɓa kofin a wannan shekarar, amma da rigar wasu. A watan nan kuma TP Mazembe ta Kwango ta kai final na kofin duniya na kulob, inda ta haɗu da Inter ɗin nan da samarinmu sunka haddace, ta sha ukku da nema.

Abin da AS FAN ta yi bai tsaya shi kaɗai ba. Ranar 10 ga Oktoba 2010, a filin Seyni Kountché, Mena ta doke Masar ɗaya da nema, Moussa Maâzou ya ci, alhali Masar ta ci kofin Afirka sau ukku a jere. A farkon 2011 ƴan wasan gida sunka je CHAN a Sudan bayan sun fitar da Najeriya, sunka kai kwata final. A Oktoban 2011 Mena ta samu tikitin CAN na farko a tarihinta ƙarƙashin Harouna Doula, ranar da ƴan Afirka ta Kudu sunka yi ta rawa a fili suna zaton su sunka wuce, ashe ba su karanta doka da kyau ba. Idrissa Laouali na AS FAN yana cikin waɗanda sunka je CAN 2012 a Gabon. Ba mu ce ekip ɗin soji ce ta kai Mena can ba. Amma ɗan wasan da ya ga an fitar da Étoile da idonsa, tsoron sunan Masar ya ragu a zuciyarsa.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu nan Buza da Madawa da Keita. Sai bayan shekara 11 wata ekip ta Nijar ta sake shiga rukunin wannan gasa, a kakar 2021 zuwa 2022, kuma USGN ce, ta jandarma. Ta haɗu da RS Berkane da Simba da ASEC Mimosas, ita ma ta ƙare a ƙasa. Soji, sai jandarma. Ba haɗari ba ne. Ekip ɗin masu kaki suna da kasafi da ke zuwa duk shekara, da mota, da wurin horo, kuma suna Yamai. Ekip ɗin gari kuwa tana rayuwa ne da aljihun wani alhaji ko wani ɗan siyasa, ran da ya gaji ko ya faɗi zaɓe, ekip ta kwanta. Dattawa na tuna cewa Jangorzo ta Maraɗi ta ci gasar ƙasa a 1983, Espoir ta Damagaram ta ci a 1984. Tun daga nan kofin ya fi zama a babban birni.

Mu nan ba yara masu ƙafa munka rasa ba. Duk wanda ya tsaya kallon gasar babban hutu a filin lakwal ya ga yaron da ke wuce mutum ukku a kan tsakuwa da takalmin roba. Da hutu ya ƙare sai girbi, bayan girbi sai albasa a Majiya ko tasha zuwa cin rani. Daga filinmu zuwa Ader FC ta Tawa ma babu wata hanya tsayayya da yaro zai bi, balle Yamai mai nisan ɗaruruwan kilomita. Wanda zai zo ya zauna ya rubuta sunan yaro, ya yi magana da iyayensa, ya tabbatar masa da abinci da karatu, shi ne babu.

Filin Seyni Kountché kansa, inda Étoile da Al Merreikh da Masar sunka zo sunka ga abin da ba su zata ba, daga baya hukumar CAF ta ce bai cika sharuɗɗa ba. Shekarun baya-bayan nan Mena ta riƙa karɓar baƙinta a Kwatano da Marakesh, mu kuma muna bin macin gida ta salula.