Sayar da tsohon gida ko sayen sabo: wanne za a fara?

Iyali sukan canza gida saboda dalilai da yawa. Wani ƴaƴansa sun ƙaru, ɗakuna sun yi kaɗan. Wani aiki ya mayar da shi daga Tawa zuwa Yamai. Wani kuwa yana son kusantar kasuwa, ko makaranta, ko gidan likita. Ga mafi yawan magidanta, gidan da suke ciki shi ne babbar dukiyarsu, kuma da kuɗinsa za su sayi wani. A nan tambaya take tasowa: a fara sayar da tsohon, ko a fara sayen sabon? Wanda ya yi kuskure yana iya wayar gari babu gida, kuɗin kuma sun zube.

Hanya ta farko: a fara sayarwa

Amfanin wannan hanya shi ne mutum ya san adadin kuɗin da ke hannunsa. Ba ya cin bashi, kuma idan ya je ciniki bakinsa yana da ƙarfi, domin mai gida ya fi sassauta wa wanda zai biya lakadan. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Amma hanyar tana da haɗari iri uku. Na ɗaya, iyali za su shiga haya ko su raɓa a gidan dangi, su kuma kwashe kaya sau biyu. Na biyu, idan neman sabon gida ya ɗauki lokaci, farashi yana iya tashi. Na uku shi ne mafi girma: kuɗin da ke ajiye a ɗaki ba sa zama. Biki zai zo, rashin lafiya za ta zo, ƴan'uwa za su zo neman rance, kuma kunya tana hana a ce babu. Saboda haka, ranar da aka karɓi kuɗin, a kai su banki ko wani asusun ajiya da hukuma ta yarda da shi, a riƙe takardar shaida.

Hanya ta biyu: a fara saye

A nan iyali suna tashi sau ɗaya, daga gida zuwa gida. Akwai kuma lokacin yin gyara kafin a tare. Sai dai wannan hanya ta mai ƙarfi ce, wanda yake da ajiya, ko dabbobi, ko wani fili da zai iya sayarwa ba tare da ya taɓa abincin gidansa ba.

Wanda ya ci bashi ya sayi sabon gida, da fatan tsohon zai sayu da wuri, ya ɗaura wa kansa igiya. Gida ba buhun gero ba ne da ake kaiwa kasuwa da safe a dawo da kuɗi da yamma. Yana iya yin watanni babu mai taya shi. Bashin banki kuwa ruwansa yana ƙaruwa kowane wata. Da zarar dillalai da masu saye sun gane mutum a matse yake, sai su karya farashin.

A yi lissafi tukuna

Ga misali don koyon lissafin. Wani magidanci yana fatan sayar da gidansa sefa miliyan 8, yana kuma da ajiyar miliyan 2 da jika 500. Gidan da yake so miliyan 10 ne. A tunaninsa kuɗinsa sun isa, har da rarar jika 500.

Da aka zo ciniki, gidansa ya tsaya a miliyan 7 da jika 200. La'adar dillali da kuɗin takardu suka ci jika 300. Hayar wata 4, a kan jika 40 kowane wata, ta ci jika 160. Ɗaukar kaya sau biyu ya ci jika 60. Abin da ya rage shi ne miliyan 6 da jika 680. Idan aka haɗa da ajiyarsa, ya zama miliyan 9 da jika 180. Sabon gida kuwa, tare da takardu da gyara na jika 400, ya kama miliyan 10 da jika 400. Ke nan yana da giɓin miliyan 1 da jika 220.

Darasin shi ne: a yi lissafi da farashi mafi ƙanƙanta da gidan zai iya sayuwa, ba da wanda rai yake so ba. A tambayi dillalai biyu ko uku, a kuma binciki yadda aka sayar da irinsa a unguwa.

Hanyoyin tsakiya

Ana iya haɗa cinikin biyu don rage haɗari:

- A sayar da gida bisa sharaɗin iyali za su zauna a ciki wata 2 ko 3 kafin su miƙa makulli.
- A ba mai sabon gida kafin alƙalami, a tsayar da ranar cika sauran kuɗin. A rubuta tun farko abin da zai faru da kuɗin idan cinikin ya warware.
- A yi musayar gida da gida, mai ƙaramin gida ya yi ciko.

Kowace yarjejeniya a rubuta ta gaban shaidu. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ya zo da amintaccensa ya karanta masa kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Takardu

A cikin birni, filin da aka yanka yana da takardar mallaka daga ma'aikatar magajin gari, wato meri. Takardar da ta fi ƙarfi ita ce ta rajistar fili, wadda ake kira titir fonsiye. Mai saye ya je da kansa ya tabbatar sunan da ke takarda shi ne sunan mai sayarwa, kuma ba a jinginar da gidan ba. Ciniki mai yawan kuɗi ya fi aminci a gaban notar.

A karkara, dokar 1993 da ta tsara al'amuran ƙasar karkara a Nijar ta kafa hukumomin filaye da ake kira kofo. Akwai su a matakin ƙauye, da komin, da gunduma, kuma ta hanyarsu ake samun takardar shaidar ciniki mai ɗauke da sa hannun mai gari.

Gidan gado yana buƙatar ƙarin hankali. Kada a biya ko dala sai an tabbata an raba gadon, ko dukkan magada, maza da mata, sun yarda a rubuce. A kuma duba ko akwai bashin wuta da na ruwa a kan gidan.

Lokaci da wuri

Gani ya kori ji. Gidan da ya yi kyau da rani yana iya zama tafki da damina. A 2020 kogin Isa ya cika ya shiga unguwannin bakinsa a Yamai. A 2024 ruwan sama ya rushe gidaje masu yawa, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram. Don haka a duba gida tsakanin Yuli da Satumba idan da hali. Idan babu, a dubi gindin katanga ko akwai alamar ruwa, a tambayi maƙwabta ta inda ruwa yake bi. Tashi kuwa ya fi sauƙi bayan kaka, ko lokacin hutun makaranta.

Abin tunawa

Wanda ba shi da wata dukiya sai gidan da yake ciki, ya fara sayarwa, amma sai ya ga gidan da zai saya, ya kuma san inda iyalinsa za su kwana a tsakani. Wanda zai iya riƙe gida biyu na tsawon shekara guda ba tare da bashi mai nauyi ba, yana iya fara saye. Kowace hanya aka zaɓa, a shawarci uwargida da manyan ƴaƴa tun kafin a kira dillali, domin su ne za su zauna a gidan.