Kuskure: Ma'anar Kalmar da Asalinta

Kuskure ita ce kalmar da muke kiran laifin da mutum ya yi ba da niyya ba, ko ƙaramin aibi da ya kuɓuce masa. Jam'inta kurakurai. Kishiyarta kuwa ganganci.

Asalin kalmar

Zunubi da aibi kalmomi ne da Hausa ta aro daga Larabci, inda zunub jam'in zanb ne. Amma kuskure Bahaushiyar kalma ce, tana kuma ɗauke da hoton harbi. In maharbi ya auna barewa kibiyar ta bi gefe, sai a ce ya kuskure ta. Wato nufin yana nan daidai, hannu ne ya kauce. Kada mu haɗa ta da kuskura, kamar a “kada ka kuskura”, wadda ke nufin yin ƙarfin hali a kan abin da aka hana.

A cikin Littafi Mai Tsarki

Kalmar Ibrananci hata, wadda aka fi fassarawa da zunubi, ita ma tushenta kauce wa abin da aka auna ne. Mahukunta 20:16 ya yi amfani da ita a kan bahagwai 700 na kabilar Biliyaminu, gwanayen majajjawa da jifarsu ba ta kaucewa. Haka kalmar Helenanci hamartiya take a Sabon Alkawari.

Shari'ar Musa ta bambanta kuskure da ganganci, amma ba ta mai da kuskure banza ba. A Littafin Firistoci sura 4, firist da ya yi zunubi cikin rashin sani zai kawo bijimi, shugaba bunsuru, talaka kuwa akuya ko tunkiya. Ƙidaya 15:30 ya ce mai yi da gangan za a raba shi da jama'arsa.

Yadda muke amfani da ita

Mai sayar da albasa a Aliero da ya ɓata lissafin buhuna, ya yi kuskure. Wanda ya jera manya a bakin buhu, ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, algus ya yi. Haka ɗan kasuwar Jega da ya rage canji cikin hayaniya ya bambanta da mai mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa. In shanun huɗa sun kuɓuce wa manomi a Maiyama suka shiga gonar maƙwabci, kuskure ne, duk da haka akwai ɓarnar da za a biya.

Haɗarin shi ne mu riƙa cewa “kuskure ne, ɗan Adam ajizi ne” domin mu ƙanƙanta abin da muka shirya da kanmu. Wanda ya laƙaba wa ganganci sunan kuskure ya toshe wa kansa hanyar tuba, gama ba ya ganin abin da zai tuba a kai.

Saboda haka, 'yan'uwa, bari mu kira kowane abu da sunansa. In kuskure ne, mu amsa, mu gyara, mu mayar da abin da ya salwanta. In ganganci ne, mu furta shi a gaban Allah da wanda muka cuta. In kuma ɗan'uwa ne ya kuskure mana, mu yi hanzarin yafewa.