Daga Kalifoniya zuwa Kadawa: Tarihin Tumatirin da Ke Cikin Miyarmu

Asalin tumatir tsiron daji ne a yankin tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, kuma mutanen Meziko ne suka mayar da shi amfanin gona. Bayan Sifaniyawa sun kai shi Turai, masanin tsirrai Pietro Andrea Mattioli ya ambace shi a Italiya a 1544. Tun daga nan, kowane yanki ya riƙa zaɓen irin da ya dace da ƙasarsa da buƙatarsa.

A kusa da Napoli, ƙasa mai tokar dutsen Vesuvius ta fito da San Marzano, dogon tumatir mai tsoka da yawa, ga ƙarancin ruwa da 'ya'ya. A 1996 Tarayyar Turai ta ba sunansa kariyar doka, ta ɗaure shi da yankin da ake noma shi.

Kalifoniya kuwa wata buƙata ce ta tilasta mata. Da aka kawo ƙarshen shirin shigo da leburorin gona daga Meziko a 1964, sai manoma suka koma ga injin girbi. Amma inji yana dagargaza tumatir mai laushi. Don haka ne, tun kafin wannan lokacin, Jack Hanna na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya riga ya samar da VF-145, mai tauri, wanda ke nuna kusan lokaci guda. A jami'ar ne kuma aka fitar da UC82 a shekarun 1970.

A daidai wannan lokaci aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura. Nau'o'i irin su UC82B da Roma VF sun karɓu a nan, domin sanyin daren hunturu yana taimaka wa fure ya ɗaura 'ya'ya, ƙarancin laima kuma yana rage cututtuka. Taurin da aka ƙirƙira saboda inji ya zama abin da ke sa tumatir ya jure tafiyar kusan kilomita 1,000 a cikin kwando zuwa kasuwar Mile 12 a Legas.

Sai dai nau'in da aka tsara don busasshen yanayi yakan sha wahala da damina, lokacin da zafin dare ke zubar da fure, laima kuma ta kawo cuta. Wannan na cikin dalilan da farashi ke tashi duk shekara idan ruwa ya sauka. Matuƙar ba a wadata manoma da irin da ke jure zafi da laima ba, uwargida za ta ci gaba da komawa ga tumatirin gwangwani da busasshe.