Ƙwallon Lambu a Arewa: Wasan da Ya Bi Hanya, Bai Sauka a Kankiya ba

Garin Kankiya yana kan babbar hanyar motar da ta haɗa Kano da Katsina, wadda ta bi ta Bichi da Tsanyawa da Gidan Mutum Ɗaya a ƙasar Kusada, kafin ta wuce Charanci ta shiga birnin Katsina, kuma kasancewarsa zango tsakanin manyan birane biyu ta sa ya dace a tsaya a nan a dubi yadda wasannin da Turawa suka zo da su suka bazu a ƙasar Hausa, da dalilin da ya sa wasu suka samu gindin zama, wasu kuwa ba su ƙetare bariki ba. Ƙwallon lambu, wato golf, yana cikin kashi na biyu. Wasa ne da ake bugun ƙaramar ƙwallo da sanda mai lanƙwasasshen kai tun daga nesa har a jefa ta cikin rami, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Asalinsa ƙasar Sikotland ne, inda a garin St Andrews aka tsayar da ramuka 18 a shekarar 1764, adadin da ya zama ƙa'idar cikakken fili a duniya.

Abin da ya raba wannan wasa da ƙwallon ƙafa shi ne babu fili biyu da suka zama ɗaya, domin kowane ana shimfiɗa shi ne bisa tudu da kwari da itatuwan wurin, saboda haka wanda ya ƙware a filin garinsu baƙo ne a na wani gari, kuma daga nan al'adar yawo daga fili zuwa fili ta samo tushe. A Arewa tsarin mulkin mallaka ne ya shata wa wannan yawo hanya. Bayan Kano da Katsina sun shiga hannun Turawan Ingila a 1903, kuma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, duk inda ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni suka taru sai su kafa kulob, wato gidan shaƙatawar da mambobi kaɗai ke shiga. Masu haƙar kuza suka buɗe filin Rayfield a Jos a 1913, na Kaduna ya biyo baya a 1921, bayan ta zama hedikwatar Arewa, Kano da Zariya ma suka samu nasu. Jami'in da aka yi wa canjin wurin aiki yakan ɗora jakar sandunansa a kan kaya, ya je ya koyi sabon fili. Garuruwan hakimai irin Kankiya kuwa, Baturen da suka sani shi ne Di'o mai zuwa rangadi kan haraji da jangali, ya kwana ɗaya ko biyu ya wuce, wanda kuma bai zauna ba ba ya share filin wasa.

Yanayin ƙasar ya tilasta wa wasan sauya kama, kuma a nan ne tarihinsa ya fi ban sha'awa. A Turai kewayen rami ciyawa ce lafiyayya da ake yi wa aski kullum, alhali ƙasar da ke shafe fiye da rabin shekara ba ruwan sama ba za ta iya rainon irin wannan ciyawa ba, don haka aka koma tankaɗe rairayi, a cuɗa shi da baƙin mai, a daɓe shi kewaye da ramin. Kafin mai wasa ya yi bugun ƙarshe, sai wani yaro ya ja abin sharewa daga ƙwallon zuwa bakin rami ya shafe sawun ƙafa, ƙwallon ta mirgina a kan layin da ya fitar. Da hunturu ƙasa takan ƙeƙashe har ƙwallo ta yi ta tsalle ta zarce inda aka nufa, hazo kuma ya ɓoye tutar ramin, ta yadda baƙo ba shi da madogara sai yaron da ke ɗauke masa da jaka, wanda ya san kowane gangare da inda iska ke kaɗawa. Daga cikin waɗannan yara, da aka daɗe ana hana irinsu zama mambobi, yawancin ƙwararrun 'yan wasan Najeriya na farko suka fito.

Irin wannan daɓen rairayi ne ƙwararrun Turai suka tarar a kulob ɗin Ikoyi na Legas, inda aka soma babbar gasar Najeriya a 1969, wadda ta shiga jerin gasannin da suke bi a Kenya da Zambiya da Kwaddibuwa lokacin da sanyi ya rufe filayensu. Sandy Lyle ya ci ta a 1978, Vijay Singh a 1988 da 1989, Peter Tupling kuwa ya gama ramuka 72 da bugu 255 a 1981, bajintar da ta kafa tarihi a duniya a lokacin.

A ƙasar Katsina wasan da ya kama ƙasa shi ne ƙwallon dawaki, wato folo, domin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ya rungume shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya zama gwanin da ake misali da shi har ya rasu a 1981. Doki dama yana bargar kowane hakimi, hawa kuma darajar sarauta ce, shi ya sa folo ya shiga fada kai tsaye, yayin da golf, mai bukatar sandunan ƙasar waje da kuɗin mamba da fili mai faɗin gonaki da yawa, ya ci gaba da zama a unguwannin Turawa, daga baya ya koma hannun manyan sojoji da ma'aikata da attajirai, kamar yadda filin IBB da aka buɗe a Abuja a 1991 ya nuna.

Sashen wannan tarihi da ya fi fuskantar barazanar ɓacewa shi ne na masu ɗaukar jaka da masu daɓen rairayi, waɗanda ba a rubuta sunayensu a allunan gasa ba, alhali su ne suka riƙe filayen. Ya wajaba a kan ɗaliban tarihi na jami'o'in Katsina da Kano da Zariya su nemi dattawan da suka rage daga cikinsu, su naɗi bayanansu, a adana su tare da tsofaffin littattafan kulob-kulob a Gidan Arewa da ke Kaduna, tun masu labarin suna raye.