Daidai Ruwa, Daidai Kifi: Daga Kogin Wudil Zuwa Akwatin Gilashi

Matafiyin da ya bar Kano ya nufi Maiduguri ba ya buƙatar allon kwatance kafin ya san ya iso Wudil. Tafiyar kilomita 40 da 'yan kai ce, sai ga gada, ga kogi, ga farantan soyayyen kifi a bakin titi. Garin ya yi suna da kasuwar shanu ta ranar Juma'a, amma sana'ar su ma tsohuwa ce a nan. Duk da haka, akwai tambayar da masuntan garin ba su taɓa samun dalilin yi ba tun kaka da kakanni: ruwa nawa kifi ɗaya yake buƙata? Kogi ne ke amsa ta da kansa. A yau tambayar ta koma wuyan mai tankin roba a bayan gida, da ma'aikacin da ya sayi akwatin gilashi ya ajiye a falo, kuma amsar da suka ba ta ita ke raba riba da asara.

Lissafin da kogi yake yi

Kogin da ya ratsa Wudil haɗakar koguna biyu ne, na Kano da na Challawa, waɗanda suke haɗuwa kafin su iso garin. Daga nan ya zarce Haɗeja, ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru, abin da ya rage kuma ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Kafin a tare shi, kogin yana da numfashi na shekara-shekara. Da damina ya cika ya malale cikin fadamu, kifaye su bi sabon ruwa su yi ƙwai a cikin ciyawa, 'ya'yansu su sami abinci da maɓoya. Da rani ya janye, sai kifin ya taru a gurabe masu zurfi, masunta su shiga da koma da birgi.

A cikin wannan tsari kowane kifi yana da ruwan da ya yi masa daidai. Giwan ruwa, wanda kan iya kai tsawon mita 2, yana bin zurfi da faɗi. Karfasa tana son gefe inda rana ke ratsa ruwa. Gaiwa takan binne kanta a laka ta jira damina. Tarwada kuwa tana rayuwa a ragowar kududdufin da sauran suka mutu a ciki. Idan kifi ya yi wa gurbi yawa, ko dai manya su cinye ƙanana, ko ambaliya ta raba su, ko masunta su rage su. Ba wanda ya ƙirga, amma lissafin yana fita.

An sauya wannan lissafi a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975 kuma ya duƙufa wajen gina madatsun ruwa. An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, a daidai lokacin da fari ya addabi Arewa. Ta Challawa ta biyo baya a 1992. Amfaninsu a bayyane yake: ruwan shan birnin Kano, da noman rani a Kadawa da Kura. Sai dai ambaliyar da kifi ke hayayyafa a cikinta ta ragu, dausayin da ke ƙasa ya tsuke, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. A ɗaya ɓangaren, bakunan da ke neman kifi a Kano sai ƙaruwa suke yi. Giɓin da ke tsakanin kogi da kasuwa shi ne kiwon kifi ya zo ya cike.

Daga karfasa zuwa tarwada

Kiwon kifi na zamani ya shigo Nijeriya a farkon shekarun 1950, kuma gonar kifi ta Panyam da ke Filato tana cikin na farko. A Kano, daga baya aka kafa wurin ƙyanƙyasar kifi a Bagauda. Kifin da aka fi sa wa rai a wancan zamani a faɗin Afirka shi ne karfasa, domin tana cin kusan komai kuma tana haihuwa ba tare da an taimaka mata ba. Wannan haihuwar ce ta zama matsala. Karfasa tana fara ƙwai tun tana ƙarama, kafin a ankara tafki ya cika da dubban 'ya'ya da jikoki, abinci ya kasa, kowa ya tsumbure. Manomi ya jira shekara ya kwashe kifin da bai wuce tafin hannu ba. An yi watsi da tafkuna masu yawa a ƙasashen Afirka saboda haka, har sai da aka koyi zuba maza zalla, ko a sa 'yan tarwada su riƙa rage 'ya'yan.

Abin da ya juya harkar shi ne gano yadda ake yi wa uwar tarwada allura ta saki ƙwai a duk lokacin da ake so. Daga shekarun 1980 wannan dabara ta bazu, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen noman tarwadar Afirka. Sirrin tarwada yana cikin kanta. Bayan wuraren da kowane kifi ke tace iska daga ruwa, tana da wata gaɓa mai rassa da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari kai tsaye. Shi ya sa za ka gan ta a kasuwa cikin baho da ɗan ruwa kaɗan tana motsi har yamma, shi ya sa kuma mutanen da suke jefa ta a rijiya ta yi shekaru.

Wannan juriya ta koya wa mutane da yawa darasin da ba daidai ba, cewa kifi ba ya damuwa da matsi. A ɗauki misalin tanki mai lita 1,000 da aka zuba wa 'ya'yan tarwada 300, kowanne giram 10. Nauyinsu duka kilo 3 ne, tankin ma kamar babu komai a ciki. Idan burin mai shi kowanne ya kai kilo guda, to yana shirin ajiye kilo 300 ne a ruwan da ya fara da kilo 3. Kifin ya ninka sau ɗari, abinci da kashi sun bi shi, ruwan kuwa yana nan yadda yake. Ruwa ya fara wari, masu saurin girma su cinye na baya, wata safiya a tarar da farin ciki a sama. Galibi akan zargi mai sayar da iri ko mai abinci, alhali tun ranar zubi aka yi kuskuren.

Yadda Turawa suka koyi darasin da gilashi

Tambayar ta taɓa tasowa a wata siga a Ingila. A 1845 gwamnatin ƙasar ta soke harajin gilashi, ya yi arahar da masu matsakaicin hali za su iya saye. A 1846 wata mata mai suna Anna Thynne ta kawo murjanin teku masu rai gidanta a Landan, ta raya su tsawon shekaru ta hanyar sa a riƙa juye ruwansu daga mazubi zuwa mazubi kullum don iska ta shiga. A 1850 masanin sinadarai Robert Warington ya bayyana gwajinsa: ya ajiye kifin ado a ruwa mai ciyawa da dodon koɗi, ciyawar tana ba da iska, dodon koɗin yana share ruɓaɓɓen ganye, ba tare da canjin ruwa ba. Abin lura shi ne kifin nasa guda 2 ne kacal, ƙanana, a cikin mazubi mai ɗaukar kimanin lita 50.

A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi na farko da jama'a ke shiga kallo. Shekara guda bayan haka Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa kalmar akwariyum, sai abin ya zama yayi. Iyalai suka riƙa zuwa gaɓar teku suna kwaso duk abin da ya burge su suna cusawa a akwati. Sun ɗauki gilashin Warington sun manta da adadinsa. Ruwa ya ruɓe a faluka, yayin kuma ya mutu cikin 'yan shekaru. William Alford Lloyd, wanda ya yi sana'ar sayar da kayan, shi ne ya fahimci cewa ciyawa kaɗai ba za ta riƙe kifin teku ba. Akwariyum ɗin da ya tsara a Crystal Palace, wanda aka buɗe a 1871, yana da rumbun ruwa a ƙarƙashin ƙasa da ya ninka ruwan da 'yan kallo ke gani sau da dama, injin kuma yana zagaya da shi dare da rana.

Abin da ke faruwa a cikin ruwan

Dalilai biyu ne suka haɗa tankin Wudil da akwatin Landan. Na farko iska. Lita guda ta ruwan daɗi tana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a zafin digiri 20. Idan zafi ya kai digiri 30, sai ya sauka zuwa kimanin 7.5, a daidai lokacin da jikin kifi ya fi buƙatarsa. Ruwan teku, mai gishiri kusan giram 35 a kowace lita, yana riƙe ƙasa da haka da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Iskar kuma ta saman ruwa take shiga, don haka tanki mai faɗi ya fi dogo mai ƙaramin baki, ko da lita ɗaya suke ɗauka.

Na biyu amoniya, gubar da kifi ke fitarwa daga jikinsa bayan ya ci abinci. A kogi ruwa ke tafiya da ita. A tanki, sai dai a canza ruwa ko a dogara da wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a matata suna mayar da ita abin da bai kai ta illa ba, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon tanki. Gubar amoniya tana ƙaruwa da zafi, ta kuma fi tsanani a ruwan teku. Tarwada ta kuɓuta daga matsalar iska, amma ta amoniya tana nan a kanta. Kifin teku kuwa ba shi da kariya daga ko ɗaya, domin a ruwan da kusan ba ya sauyawa aka halicce shi.

Kifin fim a falon Kano

Yayin 1854 ya sake dawowa ta majigi. Fim ɗin yara na Finding Nemo ya fito a 2003, Finding Dory kuma a 2016, suka sa yaran duniya sanin kifayen murjani guda biyu. A shago girmansu kusan ɗaya ne, bai wuce ɗan yatsa ba. Nemo, mai ruwan lemo da fararen zane, yakan tsaya a wajen santimita 10, ba ya nisa da maɓoyarsa, kuma tun shekarun 1970 ake ƙyanƙyasarsa a tanki. Biyu daga cikinsu za su zauna lafiya a lita 75 zuwa 100. Shuɗiyar Dory kuwa takan kai santimita 30, yini take tana iyo, masana kuma suna ba ta tanki mai tsawon kusan mita 2 da ɗaruruwan lita. Sai a 2016 aka fara ƙyanƙyasarta a tanki, a Jami'ar Florida, don haka akasarin waɗanda ake sayarwa daga teku aka kamo su.

Akwai maganar da masu sayarwa kan yi cewa kifi yana girma ne daidai da mazubinsa. Abin da ke faruwa a zahiri tsumburewa ce irin ta karfasar shekarun 1950, wadda dattin ruwa da takura ke jawowa, kuma tana gajarta rai.

Mai sha'awar kifin teku a Kano yana da ƙarin lissafi uku. Teku tana nesa da shi da kusan kilomita 1,000, don haka da gishiri na musamman da tataccen ruwa zai riƙa haɗa nasa. Zafin Afrilu yakan haura digiri 40, kifin murjani kuwa wajen digiri 25 zuwa 27 yake so. Sannan famfon iska ba ya aiki idan an ɗauke wuta. A dukkan ukun, ruwa mai yawa da kifi kaɗan shi ne ke ba da rata: ya fi jinkirin ɗaukar zafi, gishirinsa bai cika tashi ba idan ruwa ya ƙafe, iskarsa kuma takan kai har wuta ta dawo. Ƙaramin akwati, wanda sabon shiga ke ɗauka shi ne mai sauƙi, shi ya fi wuyar riƙo.

Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Ga mai tarwada a Wudil da mai kifin ado a Nasarawa, ma'anar a aikace ɗaya ce. A tambayi girman da kifin zai kai a ƙarshe, da yadda yake iyo, da ko yana cin 'yan'uwansa, a auna lita da faɗin saman tankin, sannan a yanke adadi a kan rana mafi zafi da dare mafi tsawo ba wuta. Kifin kogi idan wuri ya yi masa matsi yana iya gaba. Wanda aka sa a tanki kuwa amana ce a hannun mai shi, iyakar duniyarsa ita ce ruwan da aka auna masa.