Landan zuwa Sidni: Tazara Ɗaya, Alƙaluma Biyu

Tsakanin filin jirgin sama na Heathrow da ke Landan da na Sidni a Ostireliya akwai kimanin kilomita 17,000, idan aka ja zare a jikin ƙwallon duniya ta hanya mafi kusa. Sai dai jirgi ba ya bin zaren. Iska kan karkatar da shi, sararin samaniyar wasu ƙasashe kuma dole a kewaye shi. Wannan ne ya sa masu karatu kan tambayi dalilin ganin alƙaluma biyu a kan tafiya ɗaya.

A da ma kwanaki ake ƙirgawa. A 1919 wasu 'yan'uwa biyu, Ross da Keith Smith, sun bar Ingila ranar 12 ga Nuwamba, ba su isa Darwin ba sai 10 ga Disamba, suka kuwa karɓi kyautar fam 10,000 daga gwamnatin Ostireliya. Zuwa 1947 kamfanin Qantas ya mayar da tafiyar kwana huɗu, ana yada zango a garuruwa irin su Singafo, Kalkata, Karachi da Alƙahira. Tsalle-tsallen nan ne ya jawo wa hanyar laƙabin hanyar kangaru.

Abin da ake ja-in-ja a kansa ya faru ne a watan Agustan 1989. Qantas ya karɓi sabon jirgi ƙirar Boeing 747-400 mai suna City of Canberra, ya yanke shawarar kai shi gida daga Landan ba tare da sauka ko'ina ba. Tankin jirgin bai isa ba, don haka aka haɗa masa mai na musamman wanda ya fi na kullum nauyi. An rage kaya, mutum 23 kacal suka shiga cikin jirgin da ke ɗaukar ɗaruruwa. Tsabar tattali, ba a bar shi ya tuƙa kansa zuwa bakin titin tashi ba, mota ce ta ja shi har can kafin a kunna injuna. Kyaftin David Massy-Greene ya sauke shi a Sidni ranar 17 ga wata, bayan awa 20 da minti 9, ya ci kilomita 18,001.

Masu kushe tafiyar suna cewa talla ce kawai, tunda ba a sayar wa kowa tikiti ba. Haka ne, amma hujjar ba ta da ƙarfi sosai. Gwajin da Qantas ya yi a Nuwamban 2019 da Boeing 787-9, wanda aka yi ta yayatawa, shi ma babu fasinja mai tikiti a ciki, kuma ya zo ne shekara 30 bayan na farkon. Ya dai fi shi sauri, awa 19 da minti 19.

Fasinja na gaske sun samu tafiya babu zango tsakanin ƙasashen biyu a Maris 2018, daga Perth zuwa Landan, kimanin kilomita 14,500. City of Canberra kuwa ya yi ritaya a 2015, yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama da ke Albion Park, kudu da Sidni.