Surame: Birnin Kanta da Ya Zama Kufai

Surame kufai ne na tsohon birni a Jihar Sakkwato, yamma da birnin Shehu, kusa da fadamar Gulbin Kabi. Nan ne fadar daular Kabi ta zauna kusan shekaru 200, daular da ta yi maƙwabtaka da ƙasar Dendi, inda garin Gaya yake a yau.

Muhammadu Kanta ne ya kafa birnin. Jarumi ne da ya bi Askiya Muhammadu na Songhai zuwa yaƙin Agadas, amma da aka dawo sai rabon ganima ya raba su. Wajen 1516 Kanta ya yi tawaye, ya fatattaki rundunar da aka turo masa, Kabi ta tsaya da ƙafafunta tsakanin Songhai a yamma da Barno a gabas. Ya gina garuruwan Gungu da Leka, amma Surame ya mayar cibiyar mulki.

Abin da ya bambanta Surame da sauran biranen ƙasar Hausa shi ne ganuwarsa. Yayin da Kano da Katsina suka kewaye kansu da ginin ƙasa, Kanta ya sa aka jera duwatsu zagaye bayan zagaye, da ƙofofi masu tsaro. Labarin baka ya ce ƙasashen da ke ƙarƙashinsa ne suka aiko ma'aikata, har ma Nufawa da suka makara aka ce su kwaɓa nasu ginin da man kaɗe maimakon ruwa.

Bayan rasuwar Kanta a tsakiyar ƙarni na 16, ƙarfin daular ya riƙa raguwa. A ƙarshen ƙarni na 17 Asbinawa da Gobirawa da Zamfarawa suka matsa wa Kabi da yaƙi. A farkon ƙarni na 18 Sarkin Kabi Tomo ya ƙaura ya kafa Birnin Kabi, aka bar Surame ga ƙaya da iska. Birnin Kabi shi ma ya faɗa hannun masu jihadi a 1805, daga baya sarautar Kabawa ta koma Argungu.

Har yanzu sassan ganuwar suna tsaye cikin daji. Gwamnatin Najeriya ta sa Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, kuma a 2007 aka shigar da shi jerin wuraren da ƙasar ke neman UNESCO ta amince da su.